Yadda muka zaga da labarin 'yata

Mun tashi daga Gumel ranar Alhamis ana idar da sallar asuba, mu huɗu: ni, da 'yata, da malamarsu ta Hausa, sai direba. Kafin in shiga bayanin hanya zan faɗi dalilin tafiyar, don ba na son magana ta fara daga tsakiya.

Yarinyar nan tana da i'ina tun tana ƙarama. Da ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare sai wasu 'yan mata suka sa ta a gaba. In ta tashi amsa tambaya su kwaikwaye ta, in an fita tara su bi ta da tafi. Zango guda cur ta ƙi zuwa makaranta. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ɗauki sanda zan bi gidajen yaran, uwarta ta tare ƙofa. Ashe a zaman nan ta ɗauki littafin rubutu ta rubuta labarin wata mai tallan gyaɗa da ake yi wa irin wannan cin fuska. Malamar ta zo duba ta, ta gani, ta nemi a zaga da shi wurare uku a karanta wa ɗalibai. Na yarda bisa sharaɗin da ni za a je.

Maigatari muka fara. Ranar kasuwa ce, motocin shanu sun cika hanya, raƙuma kuma ba su san hon ba. Muka karya da koko da ƙosai wajen wata tsohuwa. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗin ya girma, amma direba bai fasa neman ƙari ba.

A makarantar malama ce ta karanta, 'yata ta zauna can baya ta ja hijabi har goshi. Da aka zo inda ake kwaikwayon mai gyaɗa yara suka tuntsire da dariya. Da aka zo inda ta zubar da tallanta ta ɓuya a bayan rumbu, ajin ya yi tsit. Nan rubutun ya tsaya, malama ta rufe littafi, ta ce su faɗi yadda za a ƙare. Ban ji daɗi ba. A mota na ce mata, "Malama, ni kafinta ne. Ban taɓa ba mutum kujera mai ƙafa uku ba." Ta ce ƙafa ta huɗun yaran ne za su kafa.

Na biyu, Sule Tankarkar. Mun isa bayan azahar, gonakin gero hagu da dama, 'yan acaɓa sun fi motoci yawa. A tsakar gidan wata malama aka tara 'yan mata. Da aka nemi ƙarshen labari, yawancinsu dukan tsiya suka zaɓa wa azzaluman, ni ma a zuciyata haka. Sai wata doguwa ta miƙe ta ce ita ce mai fara tafin a ajinsu, ba ta taɓa tunanin inda yarinyar da suke yi wa ke zuwa bayan an gama dariya ba. Ta zauna tana goge ido. Sandata ba za ta fito da wannan maganar daga bakin kowa ba.

Muka kwana a Ɗanzomo gidan ƙanwata, aka cika mu da tuwon gero da miyar kuka, da safe kuma fura mai sanyi. Furar nan ce ta yi aiki. Kafin mu kai Gagarawa, wuri na uku, muryar malama ta dushe sarai. Ɗalibai sun cika aji, babu mai karatu. Na ce mu juya. Sai 'yata ta miƙa hannu ta karɓi littafin.

A layin farko harshenta ya maƙale. Wani ya ƙyalƙyale daga baya. Na yunƙura zan miƙe, malama ta girgiza mini kai. Wata 'yar ƙarama a sahun gaba ta waiga ta ce, "Ku yi shiru mana, labarinta ne, ku bar ta ta ƙarasa." Ta ƙarasa kuwa. Shafi shida, ta tsaya ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, amma ba ta zauna ba sai da ta kai inda rubutu ya ƙare. Ni da ban wuce firamare ba, ranar na ji kamar ni na rubuta littafin.

Bayan sallar Juma'a muka kamo hanyar Gumel, direba na ta yabon tumatirin da ya saya. Abin da na koyo biyu ne. Na farko, yaro na iya jin tausayin wanda ke cikin labari kafin ya ji na wanda ke zaune kusa da shi. Na biyu, ba kowane aiki ake gamawa da guduma ba.

Da muka shiga gida na ce mata yanzu sai ta zauna ta rubuta ƙarshen, a kammala abu. Ta ce, "Baba, sai na je makaranta ranar Litinin na ga yadda zai kasance." Sannan ta tambayi uwarta inda aka ajiye kayan makarantarta.