Daruma Mai Ido Ɗaya

Duk wanda ya zauna a garinmu na bakin teku ya san Sagisaka Tomekichi da mantuwar tabarau. Da an miƙa masa takarda a gidan waya ko a asibiti, sai ya hau laluben aljihu yana tsaki.

"Kash! Na baro shi a gida. Tsohuwa, duba mana."

Sai matarsa Shizue ta karɓa ta rubuta, tana yi masa faɗan ƙarya. Haka suka yi ta yi wa gari wasan kwaikwayo tun suna ango da amarya har furfura ta rufe su, kuma mu masu taƙamar sa ido, ko mutum ɗaya bai harbo jirginsu ba. Tomekichi bai iya kanji ba, wato manyan baƙaƙen rubutunmu. Ubansa ya tafi yaƙi bai dawo ba, aka cire shi daga makaranta aka jefa shi jirgin kamun kifi. Ƙananan baƙaƙen da ake fara koya wa yara kaɗai ya tsira da su. Manyan nan masu rassa, waɗanda ake rubuta sunan mutum da su, a idonsa duk komar kifi ce da ta harɗe.

Ana nan sai ciwon mantuwa ya kama Shizue. Ta fara da barin tukunya a kan wuta. Wata rana aka tsince ta a tashar jirgin ƙasa ta garin gaba da silifas ɗin ɗaki, ta kasa faɗin inda take zaune. Ɗan sandan da ya maido ta ya ja Tomekichi gefe.

"Baba, ka ɗinka mata suna da adireshi a jikin riga. Sanyi na tafe. Tsohon da ya kwana a dusar ƙanƙara ba ya tashi."

Tomekichi ya sami farin ƙyalle ya rubuta da ƙananan baƙaƙensa, ya ɗinka a bayan rigar sanyinta. Da hankalinta ya dawo ta gani, sai ta fizge shi.

"Da wannan zan yi yawo a gari? Rubutun 'yan aji ɗaya? Kowa ya gani ya gane ka! Ina rufa maka asiri tun ina da haƙora, yanzu za ka manna shi a bayana?"

"To ki rubuta da kanki mana."

Ta ɗaga hannuwanta ya ga yadda suke rawa. Alƙalami ya daina zama a cikinsu. Ta ce, "Kawo tafin hannunka, tsoho."

Da yatsa ta riƙa zana masa baƙi a tafi, layi bayan layi, shi kuma ya maimaita a iska sannan a takarda. Ta aike shi ya sayo daruma, jar 'yar tsanar nan mai fararen idanu. Ya zana masa ido ɗaya kamar yadda ake yi ranar ƙulla niyya, ɗayan kuma sai ran da buri ya cika.

"Ran da ka rubuta sunana da gidanmu cif, ka buɗe masa ɗayan," in ji Shizue. "In ka ƙi, ya yi ta hararar ka har ka mutu."

Malama ce marar imani. In ya fara layi daga ƙasa sai ta make masa hannu.

"Daga sama ake farowa! Kai, wannan kan naka busasshen kifi ne."

"Ke dai faɗi, tun da kin samu bawa."

Amma duk ran da baƙi ɗaya ya zauna masa, sai ta dafa shinkafa da jan wake, irin ta ranar biki, su zauna su ci su biyu. Ran da ya iya rubuta sunan unguwarsu har ɗan giya ta zuba masa. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya fita yana karanta allon bakin titi kamar wanda ya ga ɗan'uwansa.

Murnar ba ta daɗe ba. Yana cusa baƙaƙe a kansa, nata suna zubewa. Shinkafar biki ta fara zuwa ba wake, wata rana kuma ta zo da sukari maimakon gishiri, ya cinye ta haka nan. Daga baya shi ya koma dafawa. Kafin ƙyallen ya samu, dole ya riƙa kulle ƙofa, ita kuwa ta yi ta dukanta tana kuka, wai uwarta na jiranta. Abin yana ci masa rai, har ya tsani ƙarar makulli.

Baƙin farko na sunan danginsu, Sagisaka, wanda ke nufin zalɓe, shi ya rage, kuma shi ya fi kowanne rassa. Tomekichi ya zagi kakanninsa son ransa. Duk tsuntsayen duniya, a rasa wanda za a zaɓa sai wannan? Ya gwada kwafa daga allon ƙofar gida, Shizue ta duba ta ce wannan zane ne, ba rubutu ba. Ita kuma in ta fara sai ta tsaya a tsakiya, yatsanta a dashe a tafinsa, idonta a kan taga. Haka zai bar hannun a buɗe yana jira har ya sage. Guntu-guntu ya tattaro zalɓen daga wurinta, yau kai, wani satin ƙafafu.

Da safen da ƙanƙara ta fara sauka ya gama. Ya rubuta komai a sabon ƙyalle, bai kuskure ba. Ya dafa shinkafa da jan wake, ya sauko da daruma, ya jiƙa alƙalami a tawada, sannan ya durƙusa ya ajiye ƙyallen a cinyarta.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi zalɓen da yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ne."

"Kai, Malam, kana da hannu. Wa ya koya maka?"

Ta waiga wajen ƙofa, ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Mijina bai iya ba, ka sani. Kunya yake ji, ba laifinsa ba ne. Kar ka faɗa wa kowa. Kuma ka ɓoye wannan kafin ya shigo, kada ransa ya ɓaci."

"Ba zan faɗa ba," in ji Tomekichi.

Tawada ta bushe a bakin alƙalami. Ya mayar da daruma mazauninsa da idonsa ɗaya, shinkafa ta huce a tukunya ba wanda ya taɓa. Ya ɗauko allura da rigar sanyinta, ya ɗinka ƙyallen daga cikin wuya, inda mijinta ba zai gani ba.