Inda Hannun Baba Ya Tsaya

Ni fa da girman kaina na dawo Gaya. Shekara uku na yi a Kano ina koyon aiki a masaƙar zamani, inda inji ke jefa ƙoshiyar zare da kansa, kafin azahar ka naɗe yadi mai faɗin tabarma. To, sai in dawo in zauna a gindin darbejiya ina taka itacen masaƙar gargajiya irin ta Baba, ina fitar da ƙyalle mai faɗin tafin hannu? Haba! Da ma Baba bai taɓa ba ni masaƙarsa ba, wai hannuna garaje gare shi. Abin yana cina, ina dai nuna ko a jikina.

Ranin nan ciwon kafaɗa ya kama shi, yana tsakiyar saƙa wa Goggo, ƙanwarsa ta Ajingi, zanen da ya yi mata alkawarin Sallah. Saura kwana goma sha biyu, shi kuwa mutum ne mai kunyar saɓa magana. Dole ta sa ya miƙo mini ƙoshiya.

Na ce yau za a ga aikin birni. Kafin la'asar na zuba kamu shida. Baba ya shafa da babban yatsa, ko kallo bai yi ba.

"Warware. Injinka yana Kano."

Wallahi na ji haushi, har tuwo na ƙi ci. Amma da na jera nawa da nasa, sai kunya ta rufe ni: nawa sako-sako, kuma ratsin baƙin zaren bai zo daidai da nasa ba, in aka haɗa ƙyallayen aka ɗinke zane zai karkace. Sau uku ina warwarewa. A na huɗu na daina kallon rana, na koma sauraron bugun zaren, Baba yana gefe yana taɓa mini gwiwa in na yi sauri.

Ana jajibere aka ɗinke zanen. Baba ya shimfiɗa shi a cinya yana bi da yatsa, yana neman inda ya tsaya na karɓa. Can ya dafa wani wuri.

"Nan ne ko?"

"A'a Baba, ka wuce shi da kamu huɗu. Wannan nawa ne."

Ya koma baya ya sake bi, har sau biyu, bai samu ba. Sai ya ninke zanen ya ce in kai wa Goggo da kaina, in gaya mata wanda ya saƙa. A keke na tafi Ajingi, da azumi a bakina, ina dariya ni kaɗai kamar wawa.