Nababa Mai Huda Galan

In ka shiga garejin da ke bakin hanyar Kaduna a Zuba ka tambayi Nababa, za a nuna maka rumfar ƙarshe, wadda aka rataye wata doguwar ƙusa a ƙofarta. Mutumin Funtuwa ne, gajere, ga furfura ga taurin kai. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana jan motar lemo daga Binuwai zuwa kasuwar Zuba, har ranar da injinsa ya buga a hanyar Keffi saboda baƙin mai na jabu da aka ɗura masa daga galan mai kyan gani. Lemon ya ruɓe, mai mota ya sallame shi. Tun daga ranar ya bar tuƙi ya koma yin juye, wato canza wa motoci baƙin mai, kuma ya ɗauki wa kansa doka guda: a gaban mai mota zai fasa sabon galan, in ya juye sai ya ciro ƙusar nan ya huda gindinsa. Masu zagayawa sayen galan su cika da ƙonannen mai sun tsane shi, shi kuwa ko a jikinsa. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana huda galan.

To irin wannan mutumin ne aka wayi gari wata Alhamis cikin Agusta aka kira maha'inci a bainar jama'a.

Hajiya Rumasa'u ma'aikaciyar gwamnati ce, gidanta na nan bayan kasuwar 'ya'yan itace, kuma Nababa ne ya yi wa Corollarta juye wata huɗu da suka wuce. Ta faka a gaban rumfar, ta kwance murfin baƙin mai ta ɗaga sama don kowa ya gani. Cikinsa ya yi wani fari, ya daskare kamar kindirmo.

"Malam, ruwa ka haɗa mini da mai!" in ji ta, da muryar da har mai shayi sai da ya ajiye ludayi. "An duba lagireto, ruwansa bai ragu ba, gaskit lafiya lau. To daga ina ruwa ya shiga in ba daga galan ɗinka ba? Ashe duk huda galan ɗin nan yaudara ce!"

Maganar ta soki Nababa har cikin ƙashi. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi. Amma bai ɗaga murya ba, ya karɓi murfin ya shinshina, ya zaro gejin auna mai ya murza man a yatsa, ya ji santsinsa na nan.

Kafin azahar ƙara ta kai gaban Oga Thaddeus, shugaban ƙungiyar garejin. Dokarsu a fili take: wanda aka kama da man jabu zai kwashe kayansa ya bar rumfa. Thaddeus yana son Nababa, sai ya ja shi gefe ya yi masa magana da gurguwar Hausarsa.

"Baba, ka ba shi haƙuri kawai. Ka canza ma shi oil ɗin kyauta, magana ya mutu. Hajiya customer ne."

"In na canza, na amsa laifi ke nan," Nababa ya ce. "Ba zan canza ba, ba zan goge murfin nan ba, ba kuma zan ba da haƙurin abin da ban yi ba. In rumfar ce ku ɗauka."

Sai ya juya wajen Hajiya. "Hajiya, da wace mota kike zuwa ofis?"

Ta ce tun da fetur ya yi tsada motar ofis take bi.

"Wannan fa?"

"Tana ajiye. Amma ban taɓa wasa da ita ba. Kullum da safe sai na tashe ta ta yi wamin, inji ya ɗumama minti biyar kafin in fita. Ran Asabar in je kasuwa in dawo."

Nababa ya yi wata dariya marar daɗi. Abin da ya daɗe yana faɗa ke nan ba mai saurare. Rabin ma'aikatan Abuja sun jingine motoci, kowace safiya sai ka ji unguwa ta ɗauki gurnani, kowa yana wamin, yana ganin gata yake yi wa inji.

"Kin taɓa lura da ruwan da ke ɗiga daga salansa da safe?" ya tambaye ta. "Fetur in ya ƙone tururi yake fitarwa. Wani ya bi salansa, wani ya sulale cikin inji. Ƙarfe da sanyi, sai tururin ya kwanta ya koma ruwa, kamar yadda kike gani a murfin tukunya. In mota ta kama hanya man ya yi zafi sosai, ruwan ya ƙafe ya fita. Ke kuwa minti biyar kike ba ta a tsaye, ga damina. Kin tara ruwan, kin kashe kafin ya fita. Gobe ki ƙara. Wata huɗu kina yi."

"Wato ni ce na zuba ruwan," ta ce tana harararsa.

"Ke ce, da hannunki, da kyakkyawar niyya."

Wasu makanikai suka kwashe da dariya, wasu suka ce tsoho ya fara kame-kame. Nababa ya mayar da murfin yadda yake, da farin a jikinsa, ya ɗaure.

"Ran Asabar ki tuƙa mu zuwa Kwali mu dawo, ni zan zuba fetur. Oga Thaddeus ya zauna a baya don kada a ce na taɓa wani abu. In mai na jabu ne, tafiya ba za ta gyara shi ba. In mun dawo farin nan yana nan yadda yake, da kaina zan cire ƙusata in tafi."

Kwana biyun nan ba wanda ya kawo masa mota. Ya zauna a kan benci yana kallon kwastomominsa na shekaru suna wucewa rumfar gaba suna kau da kai, abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Asabar da hantsi suka kama hanya. Hajiya tana lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai, Nababa ya ce ta taka, mota ba majinyaciya ba ce. Suka wuce Gwagwalada, suka kai Kwali, suka juyo. Kusan awa biyu suna tafe, Thaddeus yana ta cin gyaɗa a baya. Gaskiya ita ce Nababa yana cikin damuwa, don ya san ruwan wata huɗu ba lallai ya fita a tafiya ɗaya ba. Bai bari an gani a fuskarsa ba.

Da suka dawo, rabin gareji ya taru a gaban rumfar. Aka jira inji ya huce. Nababa ya miƙa wa Hajiya tsumma ya ce ita za ta buɗe.

Ta kwance murfin. Farin ya narke, sai ɗan kaɗan da ya maƙale a bakin zare, sauran duk mai ne garau. Thaddeus ya karɓa ya juya shi sama da ƙasa, ya nuna wa na kusa.

Hajiya Rumasa'u ta karɓi murfin daga hannun Thaddeus ta duba. Can ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Manka mai kyau ne."

Nababa ya kai hannu bayan kunnensa.

"Hajiya, kunnen ya tsufa. Ran Alhamis na ji ki sarai, har mai shayi ya ji. Da waccan muryar za ki faɗa."

Ta dube shi, ta dubi jama'a. Sannan ta ɗaga murfin sama kamar yadda ta ɗaga shi ran Alhamis, ta faɗa da ƙarfi, har mai shayi ya sake ajiye ludayi.