Ranar da Barci Ya Sace Rahila

A Gidan Ɗorawa, wani ɗan ƙauye da ke bayan Zakirai inda gonar wannan ke manne da dangar gidan wancan, idan likitoci suka duba mutum suka ce wa danginsa su koma da shi gida a ci gaba da addu'a, kowa ya san gidan da za a fara yi wa sallama. Gidan Rahila ne, matar marigayi Ishaku.

Ba a makaranta ta koyi jinya ba. A jikin mijinta ta koya, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara uku a kwance kafin Ubangiji ya kira shi. A nan ta gano cewa in aka zuba rairayi mai laushi a ƙarƙashin tabarmar majinyaci ana sauya shi kullum, ɗaki ba ya wari. A nan ta san yadda ake juya babban mutum ba tare da an ji masa ciwo ko an ba shi kunya ba, da yadda ake shafa man kaɗanya a gadon baya kafin fata ta fara salewa. Idan maƙogwaro ya daina karɓar kunu, sai ta tsoma auduga a ruwa tana ɗiga masa a leɓe. Bayan an binne Ishaku ba ta sake aure ba, 'yarta guda kuma tana ɗakin mijinta can wajen Tofa. Sai hannunta ya zama na kowa. Kirista da Musulmi duk suna aikowa. Idan a gidan Musulmi take ta ga numfashi ya fara sauyawa, da kanta take leƙawa ta ce a kira wanda zai tuna masa kalmar shahada, ita kuma ta koma gefe tana tata addu'ar a zuci.

Mutum goma sha tara ne suka cika a hannunta cikin shekara ashirin da 'yan kai. Abin da ake yabonta da shi ɗaya ne: ba wanda ya taɓa mutuwa shi kaɗai in dai Rahila ce ke jinyarsa. A majami'a an sha kafa misali da ita. Takan sunkuyar da kai in ana faɗa, amma maganar tana yi mata daɗi, ta kuma riƙe ta gam.

Shekarar da abin ya faru, tun daga kaka ba ta kwana a ɗakinta sati biyu a jere ba. Ta yi jinyar wata tsohuwa, aka binne ta. Ta yi ta wata yarinyar mace da ta rasu ta bar goyo, wannan kam ta daɗe tana ganin fuskarta. Ba ta gama wanke zannuwanta ba aka dawo da Baba Buwai daga asibitin birni, wan mijinta, da ciwon daji a ciki. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa mata suna aure a nesa, ɗansa namiji guda, Joel, birkila ne a Rijiyar Zaki, ranar Asabar kaɗai yake samun zuwa.

Zumuntar matan majami'a ta raba kwanaki, kowace ta ɗauki nata. Amma ruwa ya sauka, noma ya kama. Mai Talata ta ce ciyawa ta cinye mata gyaɗa. Mai Alhamis ta zo sau biyu, ta uku ta aiko da kunu da gaisuwa. Duk wadda ta zo ba da haƙuri, amsar Rahila ɗaya ce:

"Ba komai, je ki. Ai ina nan."

"Kai, Rahila, Allah ya ba mu irin haƙurinki," in ji su, su ɗauki fartanya su wuce.

Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. A ganinta wannan ba maganar mai bi ba ce. Wata huɗu tana ɗebo rairayi daga rafi da sassafe, ta yi wanki, ta dama kunu, ta zauna korar ƙuda. Ta fara manta ko ta ci abinci. Wani lokaci sai ta tsinci kanta tsaye a tsakar gida da ƙwarya a hannu, ba ta san abin da ta fito ɗauka ba.

Ranar wata Alhamis ce, bayan azahar. An yi ruwa da safe, rana ta buɗe da zafi, gari ya yi tsit don kowa yana gona. Baba Buwai yana numfashi a hankali, ba wata alama. Rahila ta jingina bayanta da bango, mafici a hannu, ta ce bari ta ɗan runtse ido.

Kiran sallar la'asar daga masallacin unguwar gaba ne ya tashe ta. Abin da ta fara gani ƙoƙon ruwa ne a kife, rairayin da ke gefensa ya jiƙe. Hannun tsohon yana miƙe wajen ƙoƙon. Idonsa a buɗe, bakinsa a buɗe, ƙuda sun taru. Ta taɓa ƙafarsa, ta ji sanyi.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Hannunta ne ya yi aikin da ya saba. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta yi ta gasa fatar idon har ta yarda ta rufu. Ta yagi bakin zani ta ɗaure haɓar. Ta lanƙwaso hannun da ƙyar ta kwantar da shi a jikinsa. Ta kwashe jiƙaƙƙen rairayin ta zuba busasshe, ta sake cika ƙoƙon ta ajiye a mazauninsa. Sai da ɗakin ya koma yadda ya kamata, sannan ta fita ta rangaɗa kuka.

Joel ya iso kafin rana ta faɗi, ƙurar siminti har a gashinsa. Ya durƙusa gaban gawar, ya daɗe, sannan ya juyo.

"Inna, yaya ya cika? Ya ce wani abu?"

Rahila ta san abin da yake tambaya. Baba Buwai ya tsufa a kan addinin kakanni, yana yanka wa iskokin gona kaza kowace shuka, sai da furfura ta gama cika masa kai aka yi masa baftisma. Joel bai taɓa sakin jiki ba ko tuban na gaske ne, ko kuwa don a ƙyale shi da naci ne.

Bakinta ya riga ta. "Ya sha ruwa," ta ce. "Ya kira sunanka. Ya kira sunan Yesu sau biyu, ya tafi kamar mai barci."

Joel ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka yana godiya ga Allah. Washegari a bakin kabari fasto ya maimaita maganar gaban jama'a, mata suka yi guɗa, aka ce tsoho ya gama da kyau.

Daga ranar Rahila ta canza. Ranar da ake Jibin Ubangiji, da mutane suka tashi suka yi layin karɓar gurasa a majami'a, ita ta zauna. Wata na biyu ma haka. Aka zo kiranta jinyar wani dattijo, ta ce bayanta ke ciwo. Ba ta taɓa mayar da ɗan aike ba sai ranar. Joel kuwa duk zuwansa sai ya biyo da sabulu ko ɗan kifi, ya zauna ya ce, "Inna, sake faɗa mini yadda ya ce." Ta sake faɗa. Kowane faɗi sai ta ji kamar ta haɗiyi tsakuwa. In ta durƙusa za ta yi addu'a, ƙoƙon nan a kife ne ke tsaya mata a ido.

Baba Ɗantani ne ya tare ta, tsohon mai bishara da idonsa ya kusa mutuwa amma kunnensa ba ya kuskure. Tana wucewa da hantsi yana zaune a gindin darbejiya yana tufkar igiyar rama.

"Wannan takun Rahila ne. Zo nan. Wata uku ke nan ban ji shi a layin jibi ba. Ko kin sami inda ake rabon wanda ya fi namu?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce lafiya lau.

"Lafiya lau ɗin gidanku. Zauna."

Ta zauna. Ya ci gaba da tufkarsa yana jiranta. Ta faɗa masa duka, da barcin, da ƙoƙon, da abin da ta gaya wa Joel.

Tsohon ya ajiye igiyar. "Abu biyu kika haɗa a ƙulli ɗaya, 'yata. Bari mu raba su. Barcin tukuna. Kin tuna lambun nan da Ubangiji Yesu ya shiga kafin a kama shi? Mutum uku ya zaɓa, aminansa na ƙut da ƙut, har da Bitrus, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Abin da ya roƙa ke nan, bai ce su ɗauki takobi ba. Ya je addu'a ya dawo, suna minshari. Ya tashe su, ya sake dawowa, sun koma. Har sau uku. Ke sau nawa kika yi?"

"Sau ɗaya, Baba."

"To ashe Bitrus ya fi ki iya barci." Ya yi 'yar dariya, ita ba ta yi ba. "Ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta labarin likita ne. Shi bai ce lalaci ne ya kwantar da su ba, cewa ya yi baƙin ciki ne. Likita ya san jiki. Baƙin ciki kaya ne, Rahila, yana da nauyi kamar dami. Shekara ashirin kina ɗauka, wa ya taɓa sauke miki? Kuma da Ubangiji ya tashi daga matattu, bai je neman waɗansu masu ƙarfin ido ba. Su ɗin dai ya nema. Ya same su a bakin ruwa da sassafe sun kwana aiki, ya riga ya hura wuta ya gasa musu kifi. Abinci ya fara ba su kafin magana."

Hawaye suka fara sauko mata. "Amma ruwa yake nema, Baba. Ina nan kusa da shi kamar daga nan zuwa can."

"Na ji. Wannan kam za ki ɗauke shi har ki mutu, ba zan ruɗe ki ba. Amma ba ke kaɗai za a tambaya ba. Ina masu Talata da Alhamis? Ina ni, da nake zaune a nan ina yabonki? Yabo muka yi ta zuba miki don kada mu karɓe ki. Wannan laifinmu ne." Ya lalubo igiyarsa. "Na biyun kuwa, abin da kika gaya wa Joel, naki ne. Ba ni zan kwance shi ba. Kin san mai shi."

"Zan ƙwace masa abin da yake riƙe da shi."

"Za ki ƙwace. Ban ce da sauƙi ba."

Sai da ta yi sati biyu tana juya maganar. Ranar Asabar da Joel ya zo, ya ajiye ledarsa ya zauna a kan turmi, kafin ya buɗe baki ta ce, "Joel, yau ni zan fara." Ta faɗa masa tana kallon ƙasa, ba ta rage komai ba, har da rairayin da ta sauya.

Kaji suka zo suna tsattsagar ledar, bai kore su ba.

"Ke nan bai kira sunana ba."

"Ban sani ba. Barci nake."

"Bai kira sunan Yesu ba."

"Ban sani ba, ɗana."

"Kika bar ni na tsaya gaban mutane ina ba da shaida! Na gaya wa 'ya'yana, Inna. Ƙaramar har ta haddace." Ya miƙe, ya kai bakin zaure, ya dawo. "To me kika sani? Faɗa mini abin da kika sani, ban da ƙari."

Ta share fuska da bakin mayafi. "Na san kullum in na juya shi sai ya zage ni, ya ce hannuna kamar na maƙeri. In ya gama zagin sai ya ce, to yi mana addu'ar. In na gama ya ce amin da ƙarfi har a ji a waje. Akwai ranar da na manta, na ɗauki ƙwarya zan fita, ya kira ni ya ce, ke matar Ishaku, yau azumin addu'a muke? Iyakar abin da na sani ke nan."

Joel ya koma ya zauna. Can ya ce, "Wa ke karɓarki in kin gaji?"

"Ba kowa."

"Duk wata huɗun?"

Ta gyaɗa kai. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Ta so ta dafa shi, ta fasa. Ta kawo masa tuwo, bai ci ba. Da zai tafi bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Cewa ya yi kawai, "Sai na sake zuwa," ya hau babur.

Asabar biyu suka wuce bai zo ba. A taron zumunta Rahila ta miƙe, ita da ba ta saba magana a taro ba, ta ce daga yau ba za ta ƙara zaman jinya ita kaɗai ba, ta gaji, kuma ta daɗe da gajiya. Matan suka yi ta kallon juna. Ba wadda ta yaba mata haƙuri a ranar.

Da Lahadin jibi ta zagayo, ta duba bencin maza, wurin da Joel kan zauna in ya kwana a gari babu kowa. Mutane suka fara tashi. Ta daɗe a zaune, hannunta a kan gwiwa. Sai da layin ya kusa ƙarewa ta dafa benci ta miƙe, ta je ta tsaya a bayan na ƙarshe.