Amsar da Ta Kai Ni Cikin Teku

Ba na mantawa da yammacin da labarin ya iso mana. An idar da sallar la'asar, ina komawa bakin aikina a masana'antarmu da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, sai Awad magatakarda ya leƙo ta tagar ofis ya yafito ni. Basudane ne mai yawan barkwanci, amma ranar bai yi murmushi ba. Ya nuna mini takardar waya da ta zo daga gida, ya ce, "Ya Lawal, Injiniya Garba ya rasu." Hutun shekara ya tafi Argungu, zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu aka yi ana jinya. Na yi Innalillahi, na koma na zauna a kan wani bututu har aka tashi aiki.

Ku da kuka shigo sana'ar nan bayanmu ba ku san shi ba. Shi ya sa nake so in ba ku labarin abu ɗaya da ya yi mini, kamar wata biyar kafin rasuwarsa, a tsakiyar shekarun 1980.

Kamfaninmu yana ƙera manyan bututu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, su jawo ruwan gishiri zuwa injin da ke tace shi ya zama na sha. A Riyad ake ƙera su, a ɗora a tirela a kai gaɓa. Ni mai duba mahaɗa ne, wato inda bututu ya haɗu da ɗan'uwansa. In na gamsu, sai in sa alamata da ruwan fenti rawaya. Sama da ni akwai injiniya, sama da shi kuma mudir, shugaban wurin, wanda shi ke sa hannu a madadin kafil ɗinmu, wato mai kamfanin da ya tsaya mana muka shigo ƙasar.

Ranar da na fara aiki, shekara biyu kafin nan, Awad ne ya cika mini takardar shiga. Larabcina na makarantar allo ne, na titi kuwa ban fara ji ba tukuna. Cikin tambayoyinsa ya ce, "Ta'arif tisbah?" Kunnena ya ji tasbihi. Na ce a raina, wane Musulmi ne bai iya tasbihi ba? Na amsa, "Na'am, kulla yaum," wato kullum. Ya dube ni ya ce ma sha Allah, ya rubuta. Ashe iyo yake tambaya. Ni kuwa mutumin ƙasar Mashi ne. Ruwa mafi zurfi da na sani shi ne na rijiya, shi ma daga sama nake leƙa shi.

Ban gane kuskuren ba sai da aka samu aiki kusa da Yanbu, a Bahar Maliya. Masu nutso su ke aikin ƙasa, amma ƙa'ida ce mutumin kamfani ya bi layin bututun daga saman ruwa, ya ga mahaɗa da idonsa kafin a miƙa aiki. Wanda ya saba yin wannan ya riga ya koma ƙasarsu. Mudir ya sa a duba takardun ma'aikata, aka samu mai duba mahaɗa da ke iyo kullum. Awad ya kawo mini takardar tafiya yana ta ce mini mabruk, wato barka, yana wurga hannuwa kamar mai tsaga ruwa. A nan na gane abin da na amsa.

A yarjejeniyarmu an rubuta cewa wanda ya ba da bayanin ƙarya a takardar shiga, za a soke aikinsa a ba shi bizar fita ta ƙarshe. Iƙamata, wato takardar zama, saura wata biyu a sabunta ta. A gida kuma akwai mahaifiyata da matata da yara uku.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je gidan Injiniya Garba a unguwar Ulaisha. Shi zai shugabanci aikin Yanbu. Bakabe ne, ya tashi a bakin gulbi, kuma tunda ni Bakatsine ne akwai wasa a tsakaninmu, ko da yake ni ban cika ramawa ba saboda matsayinsa. Na gaya masa komai. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce, "Bakatsine, tasbihin dai kana yi kullum?"

Na ce, "Ina yi, Yallaɓai."

"To rabin amsarka daidai ce. Saura rabi."

Na ce ni ba abin dariya ba ne a wurina. Ya gyara zama ya ce, "Na sani, Malam Lawal. Saurara. Aikin nan kwanciya ce a kan ruwa da kallo. Zan sa maka rigar da ba ta bari mutum ya nutse, in ɗaura maka igiya, ni kuma ina gefenka. Zan gaya wa mai jirgi da masu nutso cewa ba ka iya iyo ba, ba zan ɓoye musu ba. In ka iya aikin, mu je wa mudir da gaskiya da aiki a hannu. In ka kasa, mu je masa da gaskiya kawai. Ko ta yaya dai za mu je."

Muka karɓi takardar izinin barin gari daga kafil, kamar yadda ake yi a lokacin, muka bi ta Madina, kwana biyu a mota. A can na fara ganin teku. Na yi ta neman ɗaya gefen da ido, babu.

Washegari da hantsi ƙaramin jirgi mai inji ya ɗauke mu, mu da masu nutso biyu 'yan Filifin. Muka yi ta tafiya har gine-ginen gaɓa suka zama kamar akwatunan ashana. Ruwan ya sauya daga kore zuwa shuɗi mai duhu. Mai jirgi ya kashe inji kusa da wani jan tanki mai yawo a kan ruwa da aka sa alama.

Injiniya ya fito da kaya. Akwai gilashi mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu mai lanƙwasa wanda ake ciza bakinsa, ɗaya bakin ya tsaya a sama cikin iska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ya shafa mini basilin a gashin baki, ya ce in ba haka ba ruwa zai bi ta nan ya cika gilashin.

Ya ce, "Yau hancinka ya tafi hutu. Da baki za ka sha iska. In ruwa ya shiga bututun, hura shi waje kamar mai hura wuta. In kana so in ɗago ka, ja igiya sau biyu. Kuma kada ka yi magana."

Na sauka ta tsani har ruwa ya kai mini ƙirji. Ƙafata ta yi ta laluben ƙasa. Hannuna ya ƙi sakin ƙarfen. Shi yana cikin ruwa tuni, yana tsaye kamar wanda ke kan tabarma.

"Bakatsine, tsanin nan na kamfani ne, ba za a bar maka shi ba."

Na yi bismilla na saki. Rigar ta ɗaga ni, ruwa yana ɗaukata yana saukewa a hankali. Ya riƙe kafaɗata ya ce in kwanta rub da ciki in sa fuska. Na sa, na rufe ido, na riƙe numfashi har ƙirjina ya fara zafi. Da na kasa jurewa na ja iska, sai ga ta ta shigo, busasshiya, fuskata kuwa tana cikin ruwa. Na ja ta biyu. Ina jin ƙarar numfashina kamar zugazugin maƙera. Sannan na buɗe ido.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hasken rana yana sauka zare-zare. Daga dama akwai duwatsun murjani, wasu kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwarya a kife. Kifaye rawaya da masu zane baƙi da fari suna wucewa ta gaban gilashina, ba su damu da ni ba. Can ƙasa kuma ga bututunmu a kwance, ga alamata ta fenti da na sa da hannuna a Riyad.

Bakina ya ce Subhanallah tun ban ba shi izini ba. Bututun ya kuɓuce daga bakina, ruwan gishiri ya cika mini maƙogwaro. Na manta da hurawa, na manta da sau biyu, na yi ta fizgar igiya ina dukan ruwa. Na tabbata tawa ta ƙare. Sai na ji hannu a ƙarƙashin haɓata, an juya ni rigingine, ga sama.

Da tarin ya lafa ya ce, "Me ya faru? Kifi ya cije ka?"

Na ce, "Tasbihi na yi, Yallaɓai."

Ya yi dariya har shi ma ya kusa shan ruwa. Ya fassara wa masu nutso, su ma suka kama. Sannan ya ce, "Yi shi a zuci, ana ji. Za ka koma jirgi ko za ka sake?"

Na dubi tsanin, bai yi nisa ba. Na ce zan sake.

Wannan karon na daɗe. Ya ja ni a hankali muka bi layin, ina duba mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. A ta bakwai na ga dutsen siminti da ke danne bututun ya karkace, yana taɓa bakin mahaɗar. Na ja igiya sau biyu daidai, na ɗago na gaya masa. Masu nutso suka sauka suka tarar haka ne, aka gyara kafin la'asar.

Da muka koma Riyad muka shiga ofishin mudir. A bakin ƙofa Injiniya ya ce, "Kai za ka faɗa da bakinka, ni tafinta ne kawai." Na faɗa, ya fassara, ya ƙara da maganar mahaɗa ta bakwai. Mudir ya sa aka kira Awad, ya ce ya maimaita tambayar, ni kuma in maimaita amsar. Muka yi. Ya kawar da kai yana danne dariya, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Aka gyara takardata, aka sabunta iƙama. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk shigata teku da riga da igiya, har sai Injiniya ya sa hannu a takarda cewa na iya iyo. Awad kuwa tun daga ranar, in ya zo wannan tambaya, sai ya miƙe ya kwatanta da hannu.

Abin da na koya shi ne, in ba ka gane tambaya ba, ka ce a maimaita, ko da za a yi maka dariya. Na kuma ga cewa babba a wurin aiki yana iya rufa wa na ƙasa asiri ba tare da an yi ƙarya ba. Na ƙara shekara shida ina duba bututu a teku da rigata da igiyata, kuma ma'aikata da dama da suka zo daga garuruwa irin namu, ni na riƙe musu kafaɗa ranar da suka fara sa fuska a ruwa. Babu wanda ya koma jirgi bai sake ba.

Wata guda kafin hutunsa, Injiniya ya fara koya mini iyo a wani wurin wanka da ke unguwar Al-Naseem, duk safiyar Juma'a. Mun yi darasi huɗu. Na iya kwanciya a kan ruwa ba riga, na iya buga ƙafa in kai ɗaya gefen da numfashi ɗaya. Na biyar shi ne yadda ake juya kai a sha iska ana cikin tafiya, ya ce sai ya dawo daga hutu. Allah ya jiƙansa. Har yau ban koyi wannan ba.