Garmaho da Turmi

Har yau in na tuna garmahon nan raina ɓaci yake yi. Maigidana ne ya zo da shi gidanmu na unguwar Zahir a Makka, naɗe cikin bargo, bayan ya yi shekara biyu yana dafa wa Amirkawa abinci a wajen haƙar mai. Ya kwaso har da rawarsu, wai suwin, wadda namiji da mace suke yi riƙe da hannun juna. Na ce ba ruwana. A Makka ta lokacin, in aka kama ka da garmaho fasa shi ake yi, amma ba shi nake tsoro ba. Uwar maigidan tana zaune a ɗakin ƙasa, kuma tun da na yaye 'yarmu take neman dalilin ɗauke ta daga hannuna.

Ya nace. Kullum bayan azahar, in zafi ya kwantar da kowa, sai ya cusa tsumma a bakin garmahon don rage ƙara, ya jawo ni tsakar ɗaki.

"Yalla, taso, ke dai bi ni. Taku ɗaya gefen nan, ɗaya gefen can, kowanne ki ɗan jinkirta, sai baya da gaba da sauri."

Ni kuwa ƙafarsa kawai nake takawa. Ya yi ta tsaki, wai jikina kamar buhun gero. Haushi ya sa na rantse sai na iya. A turmi na gano kan abin: dukan taɓarya biyu masu nauyi, sai biyu gajeru a jere. Cikin mako guda ƙafata ta kama, har yana juya ni ƙarƙashin hannunsa ina dawowa daidai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinta.

Wautata, na manta tsohuwa ta san sautin taɓaryar kowace mace a unguwar. Wata rana ina daka ta leƙo.

"Esh hada? Wane irin daka ne wannan mai ɗingishi?"

Na ce hannuna ke ciwo. Bayan kwana biyu ta hayo bene ba takalmi, ba sallama, ta same mu tsakiyar juyi.

Na dubi maigidana ina jiran ya buɗe baki. Ya buɗe kuwa.

"Wallahi ya ummi, ita ta matsa sai na koya mata."

Mutum da gemunsa! Shi ya kawo, shi ya murɗa, shi ya ƙirga mini taku. Tsohuwa ko kallon garmahon ba ta yi ba. Ta ce halas, magana ta ƙare, mai rawar Nasara ba za ta rena mata jika ba. Kafin magariba ta ɗaure kayanta da na yarinyar, suka koma gidan ƙanwarsa a unguwar Kudai, shi yana tsaye yana sosa ƙeya.

Na zauna da shi har ya rasu, ban yafe masa maganar nan ba. A can yarinyar ta girma. In na je ganinta sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta koma bayan goggonta ta ɓuya.