Wayar da Ba Ta Iya Kira

Kwamfutata ta mutu ana saura kaɗan in gama bautar ƙasa. Mai gyara a Gusau ya buɗe cikinta, ya sunsuna, ya ce wuta ta cinye ta, in haƙura. Na haƙura, amma hankalina bai kwanta ba. Ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, kuma irin wannan ilimi idan hannu ya daina taɓa shi zubewa yake yi. Ina tsoron ranar da za a kira ni gwajin ɗaukar aiki, in zauna gaban kwamfuta, in tarar yatsuna sun manta hanya.

Akwai wata tsohuwar waya da yayana ya jingine, gilashinta ya tsage daga kusurwa ɗaya. Na taɓa karanta cewa ana iya cire manhajar da waya ta zo da ita a ɗora mata Linux, wato irin manhajar da ke tafiyar da kwamfutar tebur. Ban yi gaggawa ba. Na karanta bayanin har na kusa haddace shi, sannan na roƙi wani abokina aron kwamfutarsa na yini guda. Ko a ranar sai da na yi ta ja da baya kafin in danna abin da zai shafe tsohuwar manhajar, don na san daga nan babu komawa.

Ta tashi. Ba zan ce ta tashi lafiya lau ba. Kyamara ta daina aiki, lasifika kuma sai ta ga dama. Sim ɗin waya ba ta ganinsa ko kaɗan, har na cire shi na ajiye. Idan ta jima a kunne takan yi zafi, sai in ɗora ta a kan murfin randa ta huce. Amma ga allon kwamfuta sosai a tafin hannuna, da tagoginsa da 'yar kibiyarsa. Na jona mata wani tsohon kibod da igiya. Yawancin aikina a wani baƙin allo nake yinsa, inda mutum ke rubuta umarni fararen haruffa su amsa masa. Haruffan ƙanana ne ƙwarai, sai na sunkuya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ina jin ban taɓa yin wani abu da hannuna da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

A wannan tsakanin aka katse sabis a jiharmu saboda 'yan bindiga. Wayoyin mutane suka koma tocila da abin sauraron wa'azi. Zaman Gusau ya yi mini wuya, ga shi babu aiki. Baba ya aiko wani direba ya ce in zo gida, gero ya nuna. Garinmu yana gaba da Bungudu kaɗan, inda ake sauka daga kwalta a hau babur.

Da safe ina gona tare da Baba. Bayan azahar in shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, in jingina wayar da dutse, in yi ta rubutu. Abin da nake koyo ba ya bukatar sabis, komai yana cikin wayar. Watakila da a ɗaki nake zama da ba a kai inda aka kai ba. Amma ɗakin duhu gare shi, haruffan kuma ba sa ganuwa.

Ina da taubashi, ɗan ƙanen Inna, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba tare da ya tsokane ni ba. A lokacin ya shiga 'yan sa-kai, masu tsaron gari da bindigogin ƙirar gida. Kullum zai biyo ta ƙofarmu da bindigarsa a kafaɗa, ya tsaya a kaina.

"Injiniya, mi Turai ta ce yau?"

"Ta ce a gaida mai bindigar da ba ta tashi sai an roƙe ta."

"Kai, ji bawana! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Wayar kowa ta mutu, ta Injiniya sai zuba take. Wagga ba ruwanta da sabis, da iska take magana."

Masu wucewa su yi dariya, ni ma in yi. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, ba a kuma gyara wa mai yinsa magana. Ya maimaita wannan a majalisa, ya maimaita a wurin mai shayi. Ban ga dalilin tsayawa in yi wa kowa bayani ba.

Sai aikin nawa ya tsaya. Manhajar da nake son amfani da ita ta ƙi tashi, ta ce akwai wani ɗan guntu da ta dogara da shi wanda ba ya cikin wayar. Haka Linux take, abu ɗaya yana rataye da wani, idan ƙaramin ya ɓace babban ba ya motsi. Babu yadda zan same shi sai da sabis. A lokacin duk mai bukatar kira sai ya shiga mota ya bi ta Tsafe ya fita jihar. Na yi ta shawara da kaina, don hanyar ba ta da daɗi. Daga baya na ce wa Baba zan je neman wani abu na karatu. Na tafi, na wuce Tsafe, na sauka inda na ga mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi kowa da waya a kunne. Wani bawan Allah ya buɗe mini sabis ɗin wayarsa, tawa ta jingina da tasa ta iska, na sauko da abin da nake nema. Na kwana a Tsafe wurin yayata, na dawo.

'Yan kwanaki bayan dawowata 'yan bindiga suka faɗa wa unguwar da ke gabashin garinmu da rana tsaka, daidai lokacin da 'yan sa-kai suka tafi rakiyar masu cin kasuwa. Sun kore shanu, sun kashe mutane, ciki har da wani dattijo da ya ƙi sakin igiyar sansa. Bayan jana'iza ba a maganar komai sai abu ɗaya: wa ya gaya musu cewa gari babu masu tsaro? A wajenmu idan aka ce mutum infoma ne, ba kasafai ake kai shi gaban hukuma da rai ba. Na san wannan. Kowa ya sani.

Washegari da hantsi aka aiko in zo zauren mai unguwa, in zo da wayar. Baba ya biyo ni daga gona, gatarinsa a kafaɗa. Zauren ya cika har waje. Shugaban 'yan sa-kai yana zaune kusa da mai unguwa, taubashina yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙi kallona.

Mai unguwa ya ce, "Malam, kunna ta mu gani."

Na kunna. Duk lokacin da za ta tashi, sai fararen layuka su yi ta gudu a baƙin allo daga ƙasa zuwa sama. Na saba da su har ba na ganinsu. Ranar na gan su da idon mutanen da ke zauren. Na kusa da ni suka ja baya.

Shugaban ya ce, "Wa ke rubuto maka wanga?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Wayar ce take duba kayan cikinta."

Wani daga baya ya ce, "Ka ji. Waya na duba kanta."

Na buɗe wurin sim na nuna musu babu komai. Na ce ko yau aka dawo da sabis, wannan wayar ba za ta iya kiran kowa ba, ita kaɗai ce a garin nan da ba ta kira. Na ga wasu sun ɗan saki jiki. Shugaban bai saki ba. Ya ce na daji ma suna da abin magana da ba a sa masa sim. Ya tambaye ni abin da na je yi wajen Tsafe, na faɗa masa. Sai ya sunkuyo.

"Tambaya guda zan maka, yaro. Wagga waya, tana iya haɗuwa da wata waya ba tare da sim ba? I ko a'a."

Na ji Baba ya taɓa ƙafata da tasa. Na gane abin da yake nufi. Amma ni tun ina makaranta ban iya cewa a'a a inda na san akwai saura. Kuma yanzu na gama faɗa musu yadda na jingina da wayar wani a bakin titi. Idan na ce a'a, wani ya tuna, me zan ce?

Na ce, "A ƙa'ida ba ta kaiwa nesa. Amma idan wata wayar tana kusa ƙwarai, kamar daga nan zuwa bakin ƙofa, to, yana yiwuwa..."

Ban ƙarasa ba zauren ya ɗauki hayaniya. Ba wanda ya ji maganar nesa da kusa. Abin da aka ji shi ne yana yiwuwa.

Taubashina ya kutso ciki. "Wallahi wasa nika yi! Ni na fara faɗin tana magana da iska, kuma tsokana ce. Taubashina ne, kun sani. Wanga ko kaza ba ya iya yankawa."

Shugaban ya ce, "Kai ka yi wasa. Shi ga shi ya faɗi da bakinai."

Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba na son in yi ƙarin gishiri. Na dai ga mutum biyu sun matso bayana. A nan Baba ya miƙe. Ya ɗauki wayar daga kan tabarma, ya fita da ita ƙofar zaure, ya aza a ƙasa, ya juya gatarinsa ya sauke mata ƙeyarsa. Ya sake. A na gaba batirin ya fashe, ya yi tsaki, wani farin hayaƙi mai wari ya taso. Mutane suka watse suna salati. Na so in ce haka kowane batir yake yi idan an huda shi. Wannan karon na yi shiru.

Baba ya juyo, bai kalle ni ba. Ya ce, "Ɗana ne, ni na haife shi. Ga abin da kuka tsoro nan ya mutu. In kun sake ganin irinta hannunai, ku fara da ni."

 Sai mai unguwa ya ce saboda mutuncin Baba, in bar garin a ranar, kada in dawo sai abubuwa sun lafa. Inna ta ƙulla mini gari da ƙuli a leda. Taubashina ne ya kai ni bakin kwalta a babur. Duk tsawon hanyar bai tsokane ni ba, ni ma ban tsokane shi ba.

An dawo da sabis daga baya. Ban ji an gano wanda ya kai labarin ba, ko ma akwai shi. A Gusau na sami wata tsohuwar waya na sake ɗora mata Linux, don har yanzu ina jiran gwajin nan. Sai dai na mai da allon fari, haruffan baƙi, kuma ba na kunna ta sai na sakaya ƙofa.

Baba yana kirana a wata wayar daban, mai sim. Muna maganar ruwa da taki da ciwon ƙafar Inna. Duk kaka nakan tambaye shi ko in zo yankan gero. Yakan ce iyalan dattijon nan da aka kashe a kan sansa har yanzu ba sa amsa masa sallama, in ƙara haƙuri.